Kabo da Soron Gajere

A Kusada, zamanin mulkin Turawa, ba a daɗe da dawowar soja daga yaƙin Bama ba, an yi wani mutum wai shi Kabo. Dogo ne siriri. Da damina ya noma gero da 'yar gyaɗa, da rani ya sauka kududdufi yana kwaɓa ƙasa yana murza tubali. Ba ya sata, ba ya zagi. Ciwonsa ɗaya: idonsa ba ya zama cikin gidansa.

Danga ɗaya ta raba shi da taubashinsa Gajere, ɗan ƙanwar babansa. Tun suna yara suke tsokanar juna, kuma kullum Kabo ne a sama. Rumbunsa ya fi girma, jakinsa ya fi ƙiba, ko tsinin jinkar ɗakinsa ya ɗara na Gajere. Hakan kuwa ya yi masa daidai.

Sai wata rana da hantsi gobara ta tashi daga murhun gidan Gajere, ta lashe ɗakuna da rumbu, ta bar shi da mata da 'ya'ya a gindin tsamiya. Kabo ne ya fara kai ruwa. Ya ba su zana da tabarma, har da ƙwalla ya yi, kuma ta gaskiya ce.

A lokacin akwai wata ƙungiya a Kankiya da ake kira Jam'iyyar Rufin Asiri. Ba ta hukumar En'e ba ce, ba ta Bature ba. Tsofaffin soja da 'yan kasuwa da malamai suka kafa ta. Wanda wuta ko ruwa ya raba da muhalli, ko matar da aka bar wa marayu, sai su kira gayya a gina masa ɗaki, su ba shi hatsin da zai kai shi kaka, su ba shi iri. Shugabansu Saje Labaran ya zo a kan keke, ya dubi tokar, ya ce ba za a sake ɗora wa Gajere ciyawa a ka ba. Soro za a yi.

Kabo ne gaba-gaba a gayyar. Amma gini na tashi, wani abu na tashi a ƙirjinsa. Aka jera azara, aka kafa indararo, aka yi daɓe, aka shafe bango da makuba har yana ƙyalli. Ranar da aka gama, Gajere ya hau bisa shanya barkono, ya leƙo ta kan danga.

“Taubashi,” in ji shi, “shekara da shekaru ina ɗaga kai in dube ka. Ashe sanƙo gare ka ban sani ba?”

Kabo ya yi dariya tare da kowa. Sannan ya koma gida. Ya ce wa matarsa Kubura duniya ta juye: mai kula da murhunsa na kwana ƙarƙashin shuci, mai sakaci ya samu soro.

“Malam,” ta ce, “mutumin nan fa ko rigar sauyi bai da ita. Mi za ka yi wa ƙyashi?”

Kabo bai cinna wa gidansa wuta ba, yana tsoron Allah. Hannu kawai ya naɗe. Bai sake jinka ba, bai yi yaɓe ba, bai fasa wa ruwa hanya a gindin bango ba. In Kubura ta tuna masa, ya ce gobe. Da ta gane inda ya dosa, sai ta kwashe ƙorenta da tukwanenta ta kai wajen matar Gajere ajiya.

Cikin marka, wata la'asar, bangon ɗakin ya zauna, jinka ta bi shi. Ba wanda ya ji ciwo. Saje Labaran ya zo, ya zagaya, ya ga hanyar ruwa a toshe, ya ga dammunan shuci jibge bayan rumbu suna ruɓewa. Ya ce jam'iyya ba ta barin mutum a waje.

“Sai dai kai mai tubali ne, Kabo. Ka taɓa ganin ya bushe a marka?”

Gini sai bayan kaka, ya ce, kuma wata mata da mijinta ya rasu, Zinariya ta ƙauyen Bauranya, da marayunta na gaba da shi. Kafin nan, ƙa'idarsu ce duk wanda aka gina wa ya sauki na bayansa. Wanda aka gina wa a unguwar kuwa ɗaya ne.

Haka Kabo ya ƙare daminar a zauren Gajere. Da ma wulaƙanci aka yi masa, da ya fi masa sauƙi. Gajere ya shimfiɗa masa buzunsa, yana tura masa tsokar da ta fi, yana tambayarsa ko ɗigo na damunsa, alhali ya san soron ba ya yoyo. Kabo ya kishingiɗa yana kallon azara, yana jin ruwa na zuba ta indararo, yana haɗiyar zuciya.

Ana gama yankan gero ya sauka kududdufi shi kaɗai. Ya ƙi gayya. Azara kawai ya karɓa daga jam'iyya, ita ma sai da Kubura ta sa baki. Ya tada soronsa, ya ƙara masa tsayin taki guda a kan na Gajere, ya hau bisa ya tsaya yana jiran magana.

Gajere ya ɗaga kai, ya kare ido da hannu. “Madalla, taubashi. Da ma akuyata na neman inuwar yamma.”

Kabo ya tsufa cikin wannan soron. Har ƙarfinsa ya ƙare, ba a yi gayyar jam'iyya tsakanin Kusada da garin Ƙofa babu shi ba, kuma marayu da yawa sun kwana cikin tubalinsa. Amma magina sun san halinsa. Da bango ya doshi tsayin soronsa, sai a ji muryarsa daga ƙasa yana cewa ya isa haka, kada iska ta kada shi.