Uwar Gola Ba Ta Kallon Wasan Ɗanta

A ofishinmu ni ne akawun da ke riƙe da fayil ɗin kowa, tun daga na manaja har na maigadi. Wanda ya fi kowanne sirantaka shi ne na matar da ke mana shara: takardar ɗaukar aiki, hoto ɗaya, sai takardun hutu. Babu gargaɗi, babu ƙorafi. Wanda ya buɗe shi zai ce babu abin faɗi a kanta. Shi ya sa nake so in rubuta abin da bai shiga fayil ba.

Inna muke kiranta, amma sunan da ya fi binta yanzu shi ne Uwar Gola. Ta fara aiki da mu ne bayan rasuwar mijinta, wani makanike, wanda ya bar mata 'ya'ya mata biyu da auta namiji. Tana riga kowa zuwa. Kafin mu iso ta share, ta goge tebura, ta jera kujeru. Ba ta ɗaga takardar da ta tarar a kan tebur, sai dai ta goge gefenta ta wuce. Idan ta ga na bar aljihun tebur a buɗe, ta rufe, sannan ta jira ni a bakin ƙofa ta yi mini faɗa kamar ita ta haife ni.

Autan nata tun yana ƙarami bai damu da buga ƙwallo ba, kamawa yake so. Safar hannunsa ta farko tsohuwar safar roba ce da Inna ke wanke tagoginmu da ita. Ta wanke ta, ta cusa tsumma a yatsun don ta yi masa daidai. Daga tsaron raga a layinsu ya koma na makaranta, daga nan wani kulob ya ɗauke shi, har muka fara jin sunansa a rediyo.

Abin da ya daɗe yana ba mu mamaki shi ne, duk ranar da aka nuna wasansa a talabijin ɗin ɗakin taro, Inna sai ta ɗauki bokiti ta nufi can ƙarshen baranda. Direbanmu, wanda bakinsa ba ya hutawa, yakan bi ta da tsiya.

"Inna, ɗanki na can yana shan duka, ke kina nan kina yi wa siminti wanka!"

"Kai dai je ka wanke motar mutane," in ji ta. "Jiya da yatsa na rubuta sunanka a jikinta."

Ni ta gaya wa dalili, wata rana tana goge kabad ɗin gilashi da ke ofishina. Sau ɗaya ta taɓa zuwa kallonsa, a filin makarantarsu, tana dawowa daga kasuwa da sabuwar tsintsiya a hannu. Wani ƙaton yaro ya taka masa hannu. Ba ta san lokacin da ta faɗa fili ba. Ta bi yaron da tsintsiya har bayan raga, alƙalin wasa na hura usur, ita ko a jikinta. Yara suka sa auta a gaba da dariya. Da suka koma gida ya ce mata cikin kuka, "Inna, kada ki ƙara kallon wasana. Har abada." Ta ce masa ta yi alkawari.

"To ai yaro ne a lokacin," na ce.

"Yaro ne, amma ni ba yarinya ba ce da na amsa. Na kunyata shi, Malam Akawu. Bai ce ya janye ba, ni kuma ba zan roƙe shi ba." Ta ci gaba da goge gilashin. "Sai dai ina so in gan shi ko sau ɗaya kafin idon nan ya gama tafiya. Kowa ya san yadda yake kama ƙwallo, ban da ni."

Da gasar cin kofin ƙasashe ta ƙarato, aka sa sunansa cikin tawagar ƙasarmu, a matsayin gola na uku. Direba ya yi mata bayani cewa gola na uku ɗan rakiya ne, aikinsa ɗumama benci da tafa wa wasu. Ga mamakinmu, sai fuskarta ta washe.

"Wato ba zai buga ba?"

"Ko da wasa."

"To in ba wasansa ba ne, ai zan iya kallo."

Haka Inna ta shigo ɗakin taro. Wasannin suna faɗowa ne daf da tashi daga aiki, manaja ya ce wanda ya gama nasa ya zo ya zauna. Ita ba ƙwallon take bi ba, gefen fili take tsaro. Da an haska benci sai ta miƙe. "Ga shi can! Ya rame. Ba sa ba su abinci ne?" Kafin a gama wasan farko duk mun koyi kallon benci. Kashiya, wadda ba ta san kan ƙwallo ba, ita ta fi kowa saurin hango shi.

A wasa na biyu golan farko ya gurɗe a kafaɗa. Direba ya dubi Inna ya ce saura ɗaya. Ta ce ya rufe mata baki, ba ta yi wa ɗan kowa fatan ciwo.

Wasan ƙarshe na rukuni, canjaras kawai muke nema mu wuce. Muna gaba da ci ɗaya bayan hutun rabin lokaci, sai gola na biyu ya fito ya kwashe ƙafar ɗan wasan gaban abokan hamayya. Alƙali ya ɗaga jan kati, ya ba da fanareti. Aka haska benci. Auta ne ke sa safar hannu.

Ɗakin ya kaure da ihu. Inna ta miƙe a hankali, ta ɗauki tsummanta da tsintsiya.

"Inna, don Allah zauna," in ji kashiya, ta riƙo mata hannu. "Yau ɗaya dai."

Ta zame hannunta ta fita. Na bi ta. Ofishina yana kallon ɗakin taro ne, can ta shiga, ta juya wa talabijin baya, ta hau goge kabad ɗin da ta riga ta goge da safe. Na tsaya a bakin ƙofa ina gaya mata abin da ake ciki. Aka buga fanareti, auta ya faɗi dama, ƙwallo ta shige hagu. Kafin in buɗe baki na ji ta ce, "Wayyo, auta." Sai a nan na lura hannunta ya tsaya cak. Hoton talabijin yana fitowa a jikin gilashin, dishi-dishi. Shi take kallo, ba ta ko dube ni ba.

Daga nan abokan hamayya suka yi mana ca, mu kuma saura mutum goma. Auta ya ture wata da yatsu ta haye saman raga. Ya kama wata a ƙirji. Ana daf da tashi aka ɗago wata ƙwallo sama, ya yi tsalle ya cafke, wani dogon ɗan wasa ya sa masa gwiwa a haƙarƙari. Ya faɗi, ƙwallon na rungume a cikinsa.

Ban ga wucewar Inna ba, iskarta kawai na ji. Sai ga ta a gaban talabijin, tsintsiya a sama.

"Kai! Ɗan wa ka samu? Alƙali, kana ina?"

"Ku riƙe ta!" in ji direba. "Talabijin ɗin ofis ne!"

Manaja ya yi dariya har da hawaye. Inna ba ta koma ba. A tsaye ta ga auta ya tashi yana dafe da gefensa, ta ga ya buga ƙwallo can nesa, ta ga an hura tashi. Mun wuce zagaye na gaba. Kowa na murna, ita kuwa ta koma ta zauna a kujerar baya.

Ba mu watse ba wayarta ta yi ƙara, auta ne ke kira. Ta miƙa wa kashiya ta sa mata a lasifika, don hayaniyar can ta yi yawa.

"Inna! An gaya miki?"

"Ba gaya mini aka yi ba. Na gani da idona. Ka yafe mini, auta, na karya alkawari."

"Wane alkawari?"

Ta tuna masa filin makaranta da tsintsiya.

"Inna, wallahi na manta na taɓa faɗin haka. Ni duk shekarun nan na ɗauka ƙwallon ce ba kya so. Shi ya sa ban taɓa ce miki ki kalla ba."

"Ni? Wa ya ɗinka maka safa?"

Muka ji yana dariya. "To ki kalli na gaba. Koci ya ce ni zan fara. Amma ki ba Malam Akawu ajiyar tsintsiyar."

Ranar wasan gaba ta gama aikinta da wuri, ta canza kaya, ta sa tabaran da 'yarta ta saya mata wanda ta daɗe tana ƙin sawa. Ta shigo ofishina ta jingina tsintsiya a bayan kabad, ta ce in kulle ƙofar. Direba ya riga ya ja mata kujerar manaja zuwa gaba. Ta zauna, ta gyara tabarau, ta ce masa ya zo kusa ya nuna mata wanne ne ɗan wasan gaban abokan hamayya, don ta san shi tun da wuri.