Turancin rile da na ɗora wa maigidana

Lokacin da injinan dizal suka fara korar na kwal a loko na Kafanchan, inda ake gyaran jiragen ƙasa, aka ce duk fita, wato makaniken jirgi, da ke son ci gaba da aiki sai ya ci jarrabawar lantarki. Wanda ya faɗi, ritaya. Maigidana yana cikinsu, ni kuma ina koyarwa a firamaren mishan, kaina ya kumbura da Turanci.

Mutumin nan ya san rile, wato ƙaramin makunnin da wuta ke ja da kanta. Sai dai da nasa sunayen ya san shi. Bakin ƙarfen da ke haɗe tun kafin wuta ta zo, shi ne "mai zama a rufe". Wanda ba ya haɗuwa sai wuta ta shiga naɗin waya ta jawo shi, "mai jiran kira". Ran da ya yi mini bayani a gindin mangwaro, dariya na yi masa.

"Baban yara, haka za ka faɗa wa injiniya? Kamar mai sayar da citta?"

Na karɓi littafin da aka ba su, na sa shi hadda kamar ɗan aji uku. Kullum bayan cin tuwon acca sai ya maimaita nomali ofin, nomali kulos, wato Turancin "mai jiran kira" da "mai zama a rufe", da dogon bayanin kowanne. In Hausa ta kuɓuce masa, in buga tebur. Wata biyu muna haka, bai taɓa yi mini musu ba.

Ya faɗi jarrabawar. Da ya dawo, cewa kawai ya yi, "Malama, bai yiwu ba."

Maƙwabcinmu Inyamuri, wanda suka shiga tare, shi ya ba ni labari a bakin coci. Ashe rile aka ajiye a tebur, aka ce kowa ya nuna yadda yake aiki.

"Madam, injiniya ya ce masa ko da Hausa ne ya yi. Shi ya ƙi. Ya ce matana ya hana. Ya fara Turanci, ya tsaya a tsakiya, ya sake daga farko. Sau uku."

Na koma gida. Na tarar da shi yana wasa fartanya, don ya riga ya yanke shawarar komawa gona a Manchok. Na buɗe baki, girman kai ya riƙe ni, sai na tambaye shi ko zai sha kunu.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana noma kafin ya rasu. Abin da ke cin raina har yau, ko sau ɗaya bai ɗora mini laifi ba, ni kuma ban taɓa ce masa ya yafe mini ba.