Silifas a Cikin Jakata

Shekarun baya, bayan na gama makarantar horon malamai na zauna gida ba aikin fari bare na baƙi, wata ƙungiya mai kula da kare yara ta zo neman ma'aikata a yankinmu na Minjibir. Shekarun nan ne da damina ta yi ta yi mana rowa, ruwa ya ɗauke gero bai gama ido ba, har gidajen da aka sani da rufin asiri suka koma kwaɗon rama da tafasa. Aka kai mu Kano muka yi kwana biyar ana koya mana aiki, aka ba ni jaka da takardun tambayoyi da biro biyu. Na dawo ina jin kaina kamar wata likita. Mahaifiyata ta dube ni, ta dubi jakar, ta ce, "To, Allah ya sa ki fi jakar amfani."

Aikin shi ne in bi gida-gida ina tambayar halin da yara suke ciki: wa ba shi da lafiya, wa aka cire daga makaranta, wa aka bayar riƙo. A lokacin riƙo ya yi yawa, don duk wanda ya sami inda zai rage baki ɗaya ya rage.

A satina na biyu na shiga wani gida a wani ƙauye da ke yamma da mu. Na tarar da matar gidan a tsakar gida tana tsinke zogale, uwar mijinta na zaune a tabarma da carbi a hannu. Muka gaisa, na buɗe takarda da ƙasaitata, na ce, "Yaya, yaranki nawa?"

Ta nuna wasu ƙanana biyu da ke wasa a gindin turmi, ta ce, "Ga su nan."

Tsohuwar ta ce, "Uku ne. Akwai babbar, tana wajen goggonta, 'yata, a ƙauyen da ke hayin rafi. Shekara biyu ke nan da aka kai ta."

Na karanto tambaya ta gaba kamar yadda aka rubuta: ko tana da wata damuwa game da wadda ke hannun riƙo? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni ina ruwana da ita, Malama? Ai tasu ce." Tsohuwar ta yi dariyar jin daɗi ta ce, "Kin ga mai kunya ke nan." Ni kuma na sa biro na rubuta babu damuwa.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, ni ma 'yar fari ce. Mahaifiyata ba ta taɓa kama sunana ba, kuma a gaban kakata ko tuntuɓe na yi sai ta kau da kai. Ya kamata in fi kowa sanin cewa uwa ba za ta zauna gaban surukarta ta ce tana kewar 'yar farinta ba, balle ta kai ƙarar 'yar tsohuwar. Amma kwana biyar a Kano sun mantar da ni abin da na tashi a ciki.

Da zan fita sai ta biyo ni zaure, wai za ta rufe ƙofa saboda awaki. Ta zaro baƙar leda daga cikin hijabinta ta tura mini. Silifas ne na roba, shuɗaye, sababbi fil. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "In hanya ta bi da ke can, ki ba yarinyar gidan. An ce tana ɗingishi. Kada ki ce ni na bayar." Na ce insha Allah. A raina kuwa har da ɗan jin haushi, wai ni ma'aikaciya guda an mai da ni 'yar aike. Ƙauyen nan sai ƙarshen wata yake a jadawalina, don haka na cusa ledar a jaka na ci gaba da harkata.

Kusan sati uku silifas ɗin nan suna jakata. Kullum in zan zaro biro sai hannuna ya taɓa su.

Ranar da na isa gidan, na tarar goggon ba muguwa ba ce ko kaɗan. Dattijuwa ce mijinta ya rasu, yanar ido ta hana ta gani, yarinyar ce ke yi mata itace da ɗiban ruwa. Kututturen kara ne ya soki yarinyar a tafin ƙafa tun bayan girbi. Goggon ta shafa mata man kaɗanya ta ɗaure da tsumma, tana lalubawa da hannu tana cewa ya kusa warkewa. Tun daga bakin ɗaki warin ya gaya mini bai kusa ba. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, jikin yarinyar kamar garwashi.

Mai unguwa ya samo mana mota. A hanya kanta na kan cinyata, na ciro ledar na ba ta. Ta ce, "Wa ya aiko?" An ce kada in faɗa, amma na ce, "Innarki." Ta rungume su a ƙirji har muka isa. Daga asibitin garinmu aka tura mu Kano. Wata nas da ta kwance tsumman ta ce da an kawo ta sati biyu da suka wuce, wanki da allura sun isa. Ba da ni take ba, amma ni na san lissafin. A kwana na uku Allah ya karɓi abarsa.

Na je gaisuwa. Mata sun cika tsakar gida, kowa na yi wa kakar da goggon ta'aziyya, don su ne masu 'ya. Uwar tana madafi tana hura wuta, idonta a bushe, ana ta yaba dauriyarta. Da na tashi tafiya sai ta sake biyo ni zaure.

Ta ce, "Malama, sun yi mata daidai?"

Na ce, "Daidai, Yaya, kamar an auna."

Ta gyaɗa kai ta ce, "Alhamdulillahi. Ƙafar 'yar maƙwabta na auna da kara, sa'arta ce. Na gode, Allah ya saka miki." Ta goge fuska da bakin hijabi ta koma ciki. Ba ta san sun yi sati uku a jakata ba, ni kuma ban iya gaya mata ba.

Da na koma gida na kwashe komai na faɗa wa mahaifiyata ina kuka. Tana tankaɗen gari, ta ce, "Uwar da ta iya buɗe baki ta ce miki an ce 'yar farinta tana ɗingishi, ai ihu ta yi. Ke ce ba ki ji ba." Ta ci gaba da tankaɗen garinta, ba ta dube ni ba, ta ce, "Sanda kike wajen kakarki, wa kike zato yake aiko miki da sabulu ta hannun mai tallan manja?"

Har yanzu ina wannan aikin, ni ce ma nake koya wa sababbi. Ina gaya musu su cike takarda, amma kada su tambayi uwa labarin ɗan farinta a gaban surukai, kuma in za su fita su rage sauri a zaure, don a nan ake faɗin gaskiya. In aka ba su saƙo, ko allura ce, su kai a ranar.

Na san rai da ajali na Allah ne, mutane da yawa sun gaya mini hakan, kuma na yarda. Amma godiyar matar nan ta fi mini zagi ciwo. Ƙaryar da na yi mata kuwa, har yau ban sani ba ko zunubi ce ko sadaka, ina dai roƙon Allah ya yafe mini. Yarinyar shekararta takwas, kuma ba ta taɓa saka su ba.