Fundi Kombo, Mai Sanyaya Benayen Lamu

Da an sallame sallar asuba a Lamu, Fundi Kombo Bwanaheri (fundi shi ne gwanin sana'ar hannu a bakin mutanenmu) kan kurɓi gahawarsa a tsaye, ya ɗora wa jakinsa makuti, wato saƙaƙƙen ganyen kwakwa na rufi, ya kutsa lungunan gari. Kafin rana ta yi ƙarfi yana can saman benen wani yana ɗaure azara. Haka muka taso muka gan shi.

Duk mai kwana a bene ya san azabar bazara. Goggona Bi Mwanahawa ta kusa rasa ranta a kanta. Rufin ɗakinta ya yi yoyo, ɗanta ya sa aka buga mata kwano, ga ta da ciwon numfashi. Da zafi ya kankama sai ɗakin ya koma tanda. Ta daina ci, ta daina barci. 'Ya'yanta suka ce za su tafi da ita Mombasa, ta rantse ba mai fitar da ita daga ɗakin da ta haife su sai gawarta.

Aka kira Fundi Kombo. Ina wurin ya hau, ya tarar da ita kwance sharkaf da gumi.

Ta ce, "Kombo, awon likkafani ka zo yi mini?"

Ya ce, "Haba Yaya, wa ya gasa ki haka kamar kifi? Rufi na zo aunawa. Mutuwa ta jira tukuna."

Ya sa aka sauko da ita ƙasa na ɗan lokaci. Ya kware kwanon, ya ɗaga rufin a kan dogayen sanduna, ya bar rata tsakaninsa da bango ta inda iskar teku ke shigowa, ya jera makuti mai kauri, ya shafe bangon da farar ƙasa. A tsakar rana ya yi aikin, har tafin hannunsa ya yi bororo, don ya ce tsohuwa ba za ta iya jira ba.

Ran da aka mayar da ita, ta yi barci tun azahar har la'asar sakaliya. Da ta farka sai ta leƙa taga ta ƙwala masa kira: "Kai Kombo, mugu! Da sanyi kuma za ka kashe ni? A miƙo mini mayafi!"

Tana nan da ranta, har ta aurar da jikoki.

Bana gwiwa ta hana shi hawa tsani. Fundi Kombo, kai ne gwanin rufi, mai shan rana don wasu su sha inuwa. Jarirai da tsofaffi nawa suka yi barci a ƙarƙashin aikinka ba su san sunanka ba? Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Matasan Lamu, yana nan zaune a ƙofar gidansa, hannunsa bai manta komai ba. Ku je ku koya tun yana iya nuna muku.