Tukunyar Hayaƙin Ba-Yoyo

Yayana mai walda ne, kuma duk layinmu ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Ba-Yoyo ake ce masa. In ya haɗa maka tankin ruwa, sai dai ka gaji da ganinsa ka kyautar, amma ko ɗigo ba zai fita ba. Mutum ne da ko bokitin maƙwabta ya gani yana ɗiga, sai ransa ya ɓaci kamar an zage shi. Ni ƙanwarsa ce, na san halinsa ciki da bai: kirki kamar me, taurin kai kuwa ya fi ƙarfen da yake yankawa.

Walda ta riga ta cinye masa idon hagu. Tun yana saurayi yake aiki ba gilashi, wai gilashi na hana shi ganin bakin ɗinki. Ranar da na raka shi asibiti, likita ya faɗa masa ɓaro-ɓaro cewa na daman ma ya fara rauni, in bai rabu da hasken nan ba, wata rana sai an ja shi da sanda. Matarsa, wadda muke kira Uwar Biyu, ta yi kuka har muryarta ta dishe. Abin mamaki, Yaya ya ji magana. Ya ce zai ajiye walda ya kafa injin niƙa a ƙofar gida, amma sai ya yi aiki guda na ƙarshe.

Abokinsa bakanike ne ya kawo dabarar. Wai akwai wata tukunyar ƙarfe da ake cikawa da totuwar masara, a kunna mata wuta daga ƙasa, a hana ta iska sai 'yar kaɗan ta wata ƙaramar kafa. Totuwar ba ta ci da harshen wuta, sai dai ta riƙa fitar da hayaƙi. Hayaƙin nan ake ja ta bututu, ya huce, a tace shi cikin garin katako, a tura wa inji ya sha a madadin fetur. Na ce, "Haba Yaya, inji ya sha hayaƙi? Ni ka mayar sakarya?" Ya ce in zuba ido.

Kai, na ga aiki! Ya sayo falankin ƙarfe, ya auna, ya yanka, ya lanƙwasa shi ya zama ganga mai tsayin ƙirjin mutum. Ya haɗa wata ƙarama mai tsukakken wuya ya zura a ciki, ya yi mata raga inda toka za ta zuba. Wannan karon har gilashi ya sa, don Uwar Biyu na tsaye a kansa kamar ɗan sanda. Duk ɗinkin da ya gama sai ya shafa masa ruwan sabulu, ya hura iska, ya ga ko kumfa za ta tashi. Ko ɗaya ba ta tashi ba.

A kan murfi suka saɓa da bakaniken. Ina wurin, na kawo musu ruwan sha. Bakanike ya ce, "Murfin nan ba a ɗaure shi. Sifirin ake sa masa, ƙarfen nan mai lotsawa ya dawo. In iska ta shiga ta haɗu da hayaƙin, tukunyar takan yi tari, sai murfin ya ɗaga ya bar abin ya fita ta sama."

Yaya ya dube shi sheƙeƙe. "Wato in haɗa abu da hannuna, in bar masa wurin yoyo da gangan? Ni?"

"Ba yoyo ba ne, numfashi ne."

"Ka je ka koya wa masu facin taya."

Bakanike ya yi fushi ya tafi. Yaya kuwa ya zagaye murfin da noti, ya ɗaure tamau. Wallahi ni ma a lokacin gani nake shi ke da gaskiya, don ban taɓa ganin aikinsa ya ba shi kunya ba.

Da safe aka gwada. Mutanen layi sun cika ƙofar gida, mata da kwanonin hatsinsu. Yaya ya kunna totuwa, ya jira hayaƙi ya kankama, ya ja igiyar inji. Sai ga inji ya kama, tatatata, ba ko ɗigon fetur! Na riƙe baki. Uwar Biyu ta zuba masara, gari ya fara zubowa fari tas, tana dariya tana hawaye. Wani tsoho ya leƙa tankin injin ya ga a bushe yake, ya ce, "Tabɗi!"

Can sai inji ya yi sanyi, ya mutu. Yaya ya ce ba komai, bari ya duba wutar. Duk mai walda da launin wuta yake gane lafiyar aiki, shi kuma gilashin waldar da ke fuskarsa mai duhu ne, ba ya nuna garwashi. Ya cire shi ya miƙo mini. Ya durƙusa, ya kafa idonsa na dama a kafar iskar nan, don shi kaɗai yake da shi.

Tukunyar ta yi tarin da bakanike ya faɗa. Bum! Murfi bai motsa ba, ɗinki bai motsa ba. Duk gangar nan ƙofa ɗaya ce ta rage, kuma idon Yaya na kanta.

Wayyo Allah! Na ga harshen wuta ya fito ta gefen kunnensa. Ya faɗi da baya yana riƙe da fuska, bai ko yi ihu ba. Ni ce na yi ta kururuwa, ga gilashinsa a hannuna.

Ya daɗe a asibiti. Ranar da aka kwance bandejin, likita ya haska masa fitila, ya tambaye shi me yake gani. Yaya ya ce, "Ka kunna tukuna."

Da muka dawo gida bai yarda ya shiga ɗaki ba. Ya ce in kai shi wurin tukunyar. Na riƙe hannunsa, na ɗora a kan ƙarfen. Ya bi ɗinkin da yatsa tun daga ƙasa har wuya, ya zagaya, ya taɓa notin murfi ɗaya bayan ɗaya. Sai na ga fuskarsa ta saki, har da ɗan murmushi.

"Uwar Biyu," in ji shi, "kin gani? Ko tsagewa bai yi ba. Ɗinkina bai saki ba."

Tana tsaye a bakin ƙofa. Ta dube shi ta ce, "Na gani. Da ma ya saki."