Rigar Kwamfutar Yaya

Yayana ya ƙare ƙuruciyarsa yana binciken fitila, amma in ƙwan ɗakinmu ya mutu ni ce mai hawa kujera in canza. Wai shi tasa ba irin wannan ba ce, ta filin ƙwallo ce da manyan tituna, mai farin hasken nan da ke sa ido ruwa. Ko ita ɗin ma bai taɓa riƙe ta a hannu ba. Fitilarsa a cikin kwamfuta take.

Sau ɗaya ya taɓa yi mini bayani, shi ma don na matsa masa. "A cikin gilashin akwai ƙarfe biyu masu tsini suna fuskantar juna. Wuta na tsallakawa tsakaninsu, iskar ciki ta yi zafi har ta zama filasma, ita ke ba da haske. Ni ina sa kwamfuta ta lissafa zafin da bakin ƙarfen zai jure kafin ya cinye."

Na ce, "To Yaya, ka sayi guda ka kunna mana, ka gani da idonka."

Ya ce ba zan gane ba. Amsarsa ke nan ga kowa a gidanmu na Ƙofar Dumi.

A bazarar shekararsa ta ƙarshe a karatun digirin digirgir aka ce malamin da zai duba aikinsu yana tafe daga wata jami'a. Wanda bai kammala ba sai baɗi, kuma in Yaya bai kammala ba, aikin koyarwar da aka yi masa alkawari zai tafi hannun wani. Lissafin ƙarshe ya rage, wanda sai kwamfutar ta kwana ta wuni tana yi ba tsayawa. Malam, mahaifinmu, ya sayar da babur ɗinsa ya sayi sola da batir, ya koma bin Keke mai ƙafa uku na haya. Ya kai kwamfutar ɗakin Inna, mahaifiyarmu, don nan ne yara ba sa shiga. Sannan ya tsaya a tsakar gida kamar mai shela: "Kada kowa ya taɓa!"

To ɗakin Inna kuwa, komai da rigarsa. Talabijin da riga, rediyo da riga, har fulas ɗin shayi an saƙa masa hula. Abin da Inna ta ga darajarsa ba ya kwana tsirara.

Ga shi Yaya ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, "wancan" take cewa. In ya gaishe ta daga bakin ƙofa, bango take amsa wa. Saboda haka ba ta tambaye shi me na'urar ke so ba, shi kuma masanin zafi bai ga dalilin gaya wa tsohuwa cewa abin yana shan iska ta gefe ba.

Ranar da ya kamata lissafin ya ƙare, Yaya ya dawo da azahar yana fara'a. Ina biye da shi don in ga filasmar nan. Sai ga kwamfuta lulluɓe da rigar ulu mai kauri, kore da fari, har da ƙananan tuntaye. Ya yaye. Allon baƙi ƙirin, jikin kamar dutsen guga. Zafi ya kashe ta, lissafi ya bi ruwa.

Wallahi dariya ta taso mini har wuya. Mutumin da ya san zafin ƙarfen da bai taɓa gani ba, ga shi ulu ya kayar da shi! Amma da na ga fuskarsa sai tausayi ya kama ni, shekara guda ce ta tafi yana kallo.

Ya juyo zai yi magana. Na ce a raina, yau za a yi ta.

Inna na bakin ƙofa, idonta na kan bango. Ta ce, "Ki ce wa wancan, na ga ƙudaje na sauka a kai ne."

Yaya ya dubi rigar. Ta zauna wa kwamfutar cif, har da ƴar kafar da waya za ta bi. Ashe in ya fita, da taƙi Inna take aunawa. Tun da aka haife shi Inna ba ta taɓa saƙa masa ko hula ba.

Ya ninke rigar, ya durƙusa ya ce, "Na gode, Inna. Ta yi kyau."

Aikin dai wani ya samu. Yaya ya gama da baɗi, yanzu har ana kiransa Dakta. Rigar tana ofishinsa, shimfiɗe a ƙarƙashin kwamfuta. Na ce masa nan ma za ta toshe iskar. Ya ce ba zan gane ba.