Kuɗin Jar Mota

A wata rumfar shayi a bakin titin Bebeji, 'yan ƙungiyar wasan mota suna ta lissafin abin da kowa zai biya a gasar bana. An gama da kuɗin mai da na 'yan sintiri, saura hayar fili. Saifullahi, sabon sakatarensu, ya tsaya da biro a hannu yana kallon dattijon da ke da filin.

Dogo ne siriri, rawaninsa ya koɗe, yana jan ƙafar hagu. An ba shi benci ya ƙi zama. Ba ya kallon kowa, idonsa na kan wata jar mota da aka ajiye a gefe.

"Baba, nawa za ka bar mana filin?" in ji shugaban ƙungiyar.

"Kowace mota dubu goma," ya ce a hankali. Sai ya nuna da sandarsa. "Waccan kuwa dubu ɗari biyu. Kuma mai ita ya tako da ƙafarsa har ƙofar gidana ya kawo."

Mai motar ya sunkuyar da kai. Ba wanda ya nemi ragi.

Saifullahi bai san me ya faru bara ba. Ƙafar ce jar motar ta taka masa? Ko saniyarsa aka buge aka wuce ana shewa? Abin da ya tabbatar kawai, bawan Allahn nan ya shekara yana jiran ranar da za su zo neman alfarmarsa.

Shugaban ya yi ajiyar zuciya. "Sakatare, rubuta yadda ya faɗa."